Nasiha Ga Matashin Da Ya Karɓi Jibi Bai Ji Komai Ba

Akwai wata magana da ke yawan fitowa daga bakin matasan Katolika, maza da mata, kuma galibi ƙasa-ƙasa ake faɗinta kamar wani abin kunya: "Na karɓi Jibi, amma ban ji komai ba." Wani zai ƙara da cewa ranar da ya fara karɓa, yana yaro cikin fararen kaya, zuciyarsa kamar ta fashe don murna, yau kuwa sai ya bi layi ya dawo mazauninsa yadda ya tafi. Daga nan sai zuciya ta shiga saƙe-saƙe: ko Allah ya yi fushi da ni ne, ko bangaskiyata ce ta mutu, ko kuwa abin da katikis ya koya mana ba haka yake ba. Ƙannena na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, wannan nasiha taku ce, kuma magana ɗaya ce tak. Abin da kuke karɓa a gaban bagadi bai rataya a kan abin da kuka ji ba. Farin cikin da Jibi Mai Tsarki ke bayarwa ya fi motsin zuciya zurfi da daɗewa, kuma a cikin rayuwar mutum ake gane shi, a hankali. Wanda ya riƙe wannan zai tsira daga ramuka biyu: yanke ƙauna ranar da zuciya ta bushe, da ruɗin kai ranar da ta cika.

Wannan damuwa ta fi nauyi a irin ƙasarmu, kuma da dalili. Jihar Jigawa duka, har da iyakar Nijar ta wajen Babura da duwatsun Roni, tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Katolika na Kano ne, wanda ya zama cikakken dayosis a 1999, kuma Bishof John Namaza Niyiring ke jagorantarsa tun 2008. Jihohi biyu ne masu faɗi a ƙarƙashinsa, Kano da Jigawa, Katolika kaɗan ne a cikinsu, a warwatse. A nan ba a buɗe ido a ga coci a bakin kowane titi. Akwai wuraren da katikis ne ke jan sujada ranar Lahadi, a karanta Maganar Allah a yi addu'a a watse, sai ranar da Fada ya samu zuwa a yi Misa. Wanda ya yi makonni yana jira, ya biya kuɗin mota ko ya taka da ƙafa cikin rana, dole ya zo da babban zato. In ya karɓa bai ji komai ba, sai abin ya yi masa ciwo fiye da wanda ke zuwa Misa kullum a babban cocin Fatima na Kano. Ga kuma ɗalibin da ya zo Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka turo daga Kudu, wanda ya saba da coci mai ɗaukar dubbai da mawaƙa masu girgiza rufi, yau ga shi cikin 'yan tsirarun mutane. Sannan ga waya a hannun kowa, tana nuna manyan taruka inda jama'a ke faɗuwa suna kuka, har matashi ya fara ɗauka cewa duk inda jiki bai yi rawa ba Allah bai sauka ba.

Ku dubi yadda abin yake faruwa ranar Lahadi. Rufin kwano ya ɗauki zafi, 'yan Zumuntar Mata suna buga tulu da kacau-kacau, layi yana tafiya sannu-sannu. Saurayi ya isa gaban Fada, aka ɗaga masa gurasar, ya amsa da amin, ya karɓa, ya koma bencinsa ya durƙusa ya rufe ido yana jiran wani abu ya faru a ƙirjinsa. Abin da ya zo masa shi ne ciwon gwiwa a kan siminti, da tunanin kuɗin makaranta, da kukan jaririn da ke bayansa. Ya buɗe ido ya ga wata dattijuwa kusa da shi hawaye na bin kumatunta, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ita ta samu, shi ya rasa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a zaman duniya sau da yawa haka ne. Amma a wannan wuri fuska ba ta isa shaida ba. Ba wanda ya san abin da ya kawo hawayen dattijuwar nan, ko ƙaunar Allah ce, ko ɗanta ne ya faɗo mata a rai, ko duka biyun. Abin da aka sani tabbas shi ne, abin da aka sa a harshenta shi aka sa a nasa, ba ragi ba ƙari.

Tushen maganar shi ne sanin wanda ke aiki a cikin sakramenti. A farkon ƙarni na 4, bayan tsanantawar da Sarkin Rum Diyokletiyan ya yi wa Kirista, rikici ya tashi a Arewacin Afirka. Wasu da ake kira mabiya Donatus suka ce duk limamin da ya taɓa ja da baya a lokacin tsanani, baftismar da ya yi da Jibin da ya keɓe ba su da inganci. Waliyyi Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya tsaya ya amsa musu cewa Kristi ne da kansa ke aiki a cikin sakramenti, limami hannu ne kawai da aka ara. Wannan Agustin ɗin ba baƙo ba ne a gare mu, domin bishof ɗinmu na yanzu da wanda ya gada, Patrick Sheehan, dukansu 'yan ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa ne. Majalisar Trent ta tabbatar da wannan koyarwa a 1547, ta ce sakramenti yana ba da alheri ga duk wanda bai sa masa shinge ba, sannan a 1551 ta bayyana cewa Kristi yana nan da gaske a cikin Jibi, jikinsa da jininsa da ransa da allahntakarsa. To, in tsarkin limami bai zama sharaɗin kasancewar Kristi a wurin ba, yaya za a ce yanayin da mai karɓa ya tashi da shi da safe ne zai zama sharaɗi? Ku tuna kuma da ma'ajin Jibi da 'yar fitilar da ke ci kusa da shi. Tsakar dare, coci a kulle, ba mai waƙa ba mai kuka, Ikilisiya ta gaskata cewa yana nan. Kasancewarsa ba ta jiran wani ya ji ta.

Sai mu raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Na farko shi ne motsin zuciya: zaƙin da mutum ke ji, tsikar jiki ta tashi, ido ya kawo ruwa. Wannan yana da alaƙa da jiki ƙwarai. Barci yana taɓa shi, yunwa tana taɓa shi, zazzaɓi da zafin bazara da kyan murya da amon ganga duk suna taɓa shi. Shi ya sa waƙar biki ma kan kawo shi, fim ɗin Kannywood mai ban tausayi ma kan kawo shi. Na biyu shi ne farin ciki na gaskiya, wanda Waliyyi Toma Akwinas, malamin ƙarni na 13, ya bayyana a matsayin ɗiyan ƙauna: natsuwar da rai ke samu domin wanda yake ƙauna yana tare da shi. Wannan mazauninsa hankali ne da nufi, don haka yana iya zama daram ko da jiki na cikin wahala. Littafi Mai Tsarki cike yake da shaidar haka. Wasiƙar da Manzo Bulus ya fi maganar farin ciki a cikinta, wato ta Filibiyawa, a ɗaure ya rubuta ta. Manzanni sun fito daga gaban majalisa bayan an yi musu bulala suna murna, kuma ba wanda zai ce bulalar ta yi musu daɗi. Mafi girma duka, daren da Yesu ya kafa wannan Jibi shi ne daren da ya yi wa almajiransa maganar farin cikinsa, kuma shi ne daren da ya fita zuwa Getsamani ransa cike da baƙin ciki har bakin mutuwa. In a cikin Ubangijin Jibin kansa aka samu farin ciki da ƙuncin zuciya a dare guda, ashe rashin jin daɗi ba ya nuna rashin farin ciki.

Yesu da gangan ya zaɓi siffar abinci, kuma Majalisar Florens ta 1439 ta koyar da cewa abin da ci da sha ke yi wa jiki, shi ne Jibi ke yi wa rai: ya riƙe shi, ya girmar da shi, ya gyara abin da ya lalace, ya kuma faranta masa. Ku lura, farantawa ɗaya ce cikin huɗu. Duk wanda ya taɓa jinyar mai zazzaɓin cizon sauro a damina ya san yadda bakinsa ke yin ɗaci. A dama masa kunun gero mai kyau ya kurɓa ya ce ba ya jin komai, ya ture ƙoƙon. Uwa mai hankali ba ta janyewa, sai ta lallashe shi ya shanye, domin ta san ɗanɗano a harshe yake tsayawa, amfani kuwa cikin jini yake shiga, kuma kunun da bai yi daɗi ba shi ne zai tashe shi tsaye bayan kwanaki. Akwinas ya kai ga wannan batu kai tsaye. Ya ce mutumin da ya zo karɓa hankalinsa a rarrabe, ba tare da babban zunubi ba, yana iya rasa zaƙin da ke tare da sakramentin, amma ba ya rasa ƙaruwar alheri da ƙauna. Abin da malamin yake nunawa shi ne ɗanɗano ƙari ne, ciyarwa ita ce asali.

Ba sabon abu ne ya same ku ba, manya sun riga ku bin wannan hanya. Waliyyi Yohanna na Gicciye, ɗan ƙasar Sifen da ya rasu a 1591, ya yi gargaɗi a kan wata cuta da ya kira haɗamar ruhu, ya kuma kawo misalin masu karɓar Jibi waɗanda ke ƙarar da lokacinsu wajen neman su ji wani zaƙi maimakon su yabi Allah cikin tawali'u, in ba su ji ba sai su ɗauka ba su yi komai ba. A ganinsa Allah yakan janye zaƙin da gangan domin mutum ya koyi duban mai bayarwa da idon bangaskiya. Waliyyiya Tereza ta Liziyo a Faransa, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, sa'ar da yawa daga cikinku, ta bayyana da kanta cewa lokacin godiya bayan Jibi yana cikin lokutan da ta fi rasa ta'aziyya, har gyangyaɗi yakan ɗauke ta. Duk da haka a 1889 ta rubuta wa 'yar kawunta da ta daina karɓa saboda waswasi, ta ƙarfafa ta ta koma, kuma a 1997 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin manyan malaman Ikilisiya. Uwa Tereza ta Kalkata kuwa, duniya ta san murmushinta, amma wasiƙunta da aka buga a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna ta yi kusan shekara 50 tana jin kamar Allah ya yi mata nisa. A duk tsawon wannan lokaci ba ta bar Misar asuba ba, daga nan take fita ɗaukar waɗanda ke mutuwa a gefen titi. In da jin daɗi ne ma'aunin, da sai mu ce wannan baiwar Allah ta yi rabin ƙarni tana karɓa a banza, kuma ba mai hankalin da zai faɗi haka.

Akwai kuma Bishof Nguyen Van Thuan na ƙasar Biyetnam, wanda aka kama a 1975 aka tsare shi shekara 13, tara daga ciki shi kaɗai a ɗaki. Mutanensa suka aika masa ɗan ruwan inabi a kwalba da sunan maganin ciwon ciki. Sai ya riƙa ɗiga ɗigo uku na ruwan inabin da ɗigo ɗaya na ruwa a tafin hannunsa, ya yi Misa da abin da ya haddace. Ba mawaƙa, ba turare, ba jama'a, ba abin da zai motsa zuciya ta hanyar ido ko kunne. Amma wannan ne ya riƙe shi, har wasu daga cikin masu gadinsa suka zama abokansa saboda halin da suka gani a wurinsa. Matashin da ke ganin cocinsu na ƙauye ya yi ƙanƙanta ko ya yi shiru da yawa, ya tuna cewa tafin hannu ma ya isa bagadi.

Wani zai ce, to, ashe kana so mu zama duwatsu ne? Almajirai biyun nan na hanyar Imuwasu ba sun ce zukatansu sun yi zafi ba? Wannan tambaya tana kan hanya, kuma amsarta ita ce a'a, ba a neman kowa ya kashe zuciyarsa. Katikismar Ikilisiyar Katolika ta 1992 ta koyar da cewa motsin zuciya a kan kansa ba nagari ba ne ba kuma mugu ba, abin da hankali da nufi suka yi da shi ne ke ba shi daraja, har ma ta ce cikar nagarta ita ce mutum ya nufi alheri da nufinsa da zuciyarsa duka. Ikilisiya ba ta ƙi waƙa da ganga ba, ba ta kuma ƙi ƙungiyar Karismatik da ta faro a Amurka a 1967 ta bazu har Najeriya ba. In hawaye sun zo, ku bar su su zuba, ku gode wa Allah. Abin da ake hanawa shi ne mayar da kyauta ta zama haƙƙi, ko mayar da ita ma'aunin kasancewar Allah. Labarin Imuwasu ma, ku bi shi har ƙarshe. Lokacin da zukatansu ke zafi a hanya ba su gane shi ba. A wajen gutsura gurasa suka gane shi, nan take kuma ya ɓace musu. Ba su zauna suna neman zafin ya dawo ba, a daren suka juya suka koma Urushalima da ƙafa don su kai wa 'yan'uwa labari. Zafin zuciyar ya yi aikinsa ya wuce, abin da ya rage shi ne mutane biyu da suka sāke alkibla.

Wani kuma zai ce, in na je na karɓa alhali ba na jin ƙaunar Allah a raina, ai munafunci ke nan, gara in zauna har ranar da na ji. Wannan tunani yana kama da tsoron Allah, amma Ikilisiya ta taɓa ganin inda yake kai mutane. A Faransa ta ƙarni na 17 wata koyarwa mai tsanani da ake kira Janseniyanci ta bazu, wani malami mai suna Antoine Arnauld ya fitar da littafi a 1643 yana ɗora sharuɗɗa masu nauyi a kan yawan karɓar Jibi, har mutanen kirki suka riƙa yin watanni suna nesa da bagadi don ganin ba su kai ba. Paparoma Piyus na Goma ne ya rufe wannan ƙofa a 1905, inda ya bayyana cewa sharuɗɗan yawan karɓa, ko da kullum ne, biyu ne: mutum ya kasance cikin alherin Allah, wato ba shi da babban zunubin da bai furta ba, kuma ya zo da niyya ta gari. Bai sa jin zaƙi a ciki ba. A 1910 kuma ya buɗe wa yara 'yan kimanin shekara 7 hanya. Munafuki shi ne mai nuna abin da ba ya nufi. Wanda ya zo da busasshiyar zuciya amma yana nufin ya bi Kristi, gaskiyarsa ta fi ta kowa fitowa fili, domin ba wani daɗi da ya jawo shi. A wannan ma maƙwabtanmu Musulmi suna da abin koya mana. A tsakiyar hunturu, sanyin asuba na ratsa ƙashi a Gwiwa ko Roni, mutum zai tashi ya taɓa ruwa ya nufi masallaci. Malamansu na kwaɗaitar da halartar zuciya a cikin salla, amma ba wanda ke cewa a bar salla sai ranar da aka ji daɗinta.

Ƙorafi na uku shi ya fi ƙarfi, kuma dole a saurare shi: wannan magana ba za ta zama mafakar malalaci ba? Tana iya zama, in aka karɓi rabinta aka bar rabi. Waliyyi Ignatiyus na Loyola, wanda ya rasu a 1556, ya lissafa dalilai uku da ke kawo bushewar rai, kuma na farko da ya ambata shi ne sakacinmu. Na biyu gwaji ne, don a ga ko za mu yi hidima ba tare da lada na nan take ba. Na uku don mu san cewa ta'aziyya kyauta ce, ba mu muke ƙera ta ba. Saboda haka mai bushewa ya fara da binciken kansa. Wanda ya kai ƙarfe biyu na dare yana latsa waya, ya shigo coci ana tsakiyar wa'azi, ya bi layi don kada a gan shi zaune, bai kamata ya jingina kansa da Uwa Tereza ba. Wanda ke riƙe da gaba da ɗan'uwansa a kan gona ko gado, ko yana cikin wata mu'amala da ya san ba ta dace ba, shirun da yake ji yana iya zama lamirinsa ne ke magana. Bulus ya gargaɗi Korintiyawa cewa kowa ya auna kansa kafin ya ci, dokar Ikilisiya kuma ta ce mai babban zunubi ya fara furta shi a gaban Fada. Sai dai ku lura da abin da ake aunawa: zunubi da niyya, abubuwan da mutum zai iya sani ya kuma gyara. In ka bincika da gaskiya ba ka sami shinge ba, shawarar Ignatiyus ita ce kada ka sāke kyakkyawan ƙudurin da ka ɗauka a lokacin haske don kawai duhu ya zo. Akwai kuma bushewar da ba ta ruhu ba ce. In baƙin ciki ya daɗe, barci ya ƙaurace, abinci da hira da aiki duk suka fita a rai, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma zuwa wurin likita ba raunin bangaskiya ba ne.

To, da me za a gane cewa Jibi yana aiki? Katikisma ta faɗi 'ya'yansa: yana ƙara haɗa mutum da Kristi, yana raba shi da zunubi, yana ɗaure shi da sauran 'yan'uwa, yana kuma ɗora masa nauyin matalauta. Duk waɗannan abubuwa ne da ake gani a kasuwa da gona da aji. Laifin da Bulus ya kama Korintiyawa da shi ma ba rashin hawaye ba ne, masu hali ne ke ci su ƙoshi a wurin taron, marasa hali na zaune da yunwa. Don haka tambayoyin da suka dace ba na minti biyar bayan karɓa ba ne, na wata shida ne ko shekara. Harshen nan da aka ɗora wa Jikin Kristi, ya rage gulma da zagi? Hannun nan ya daina tauye mudu, ya daina satar amsa a ɗakin jarrabawa? Budurwar da a da in an ɓata mata rai sai ta yi mako ba ta magana, yanzu tana iya fara gaisuwa? In an yi maka gori a kan addininka, kana iya amsawa da mutunci ba tare da ƙiyayya ta kwana a ranka ba? In maƙwabci ya yi rashi, ko Kirista ne ko Musulmi, ana ganinka a wurin gaisuwa? Wanda ya sami kansa yana matsawa ta wannan fuska, ko da taku ɗaya ne, farin cikin Kristi yana cikinsa ko bai taɓa zubar da hawaye a coci ba. Alamarsa ita ce wata natsuwa a ƙarƙashin komai, wadda ke sa mutum ya san ba shi kaɗai ba ne, kuma ba ya son ya musanya wannan da wani abu. Wanda kuwa ke kuka kowace Lahadi amma halinsa na nan yadda yake shekara da shekaru, shi ne ya kamata ya damu.

Abin da ya rage naku ne, kuma ba shi da wuya. Ku kwanta da wuri daren Asabar. Ku kiyaye azumin sa'a ɗaya kafin karɓa, wanda ruwa da magani ba sa karya shi, ku tuna cewa kakanninku a bangaskiya tun daga tsakar dare suke kame baki kafin a sassauta dokar a tsakiyar ƙarni na 20. Ku iso kafin a fara, ku kashe waya, ku saurari karatu. Ku riƙa furta zunubi a kai a kai, kada ku bari sai lokacin Ista. In kun karɓa kun durƙusa, ku daina leƙen zuciyarku kuna tambayarta me ta ji, ku juya ga wanda ya zo. Ku gode masa da kalmomi kaɗan, ku ambaci mutum ɗaya da ke bukatar addu'a, ku ɗauki alkawari ɗaya ƙarami da za ku cika kafin wata Lahadi. In hankali ya gudu, ku dawo da shi ba tare da faɗa da kanku ba, sannu ba ta hana zuwa. In kuwa Fada bai samu zuwa ba, ku halarci sujadar da katikis ke ja, ku gaya wa Ubangiji kuna marmarinsa, domin marmarin ma alheri ne.

Ƙannena, ku kaɗan ne a wannan yanki, kuma inda jama'a ba su da yawa kowane mutum ginshiƙi ne. Ƙananan coci-cocinmu ba za su tsaya da ƙafafun masu zuwa ranar da suka ji daɗi ba, domin irin waɗannan ranaku ba su da yawa a rayuwar kowa. Za su tsaya ne da samari da 'yan mata da suka san wanda suke karɓa, suka zo ranar murna suka zo ranar bushewa, har halinsu ya zama abin da ake shaidarsu da shi a unguwa. Daga cikinku ne za a sami katikis da Fada da iyayen gobe, kuma yaran da ke tasowa za su koyi darajar Jibi ne daga ganin ko kuna nan a Lahadin da ba ku ji kamar ku zo ba. Ku zo, ku karɓa da niyya ta gari, ku fita ku yi aikin da ya dace da wanda kuka karɓa. Allah ya riƙe ku, ya ba ku farin cikin da ba mai iya ƙwace muku.